Yadda za ka tsinko mangwaro da hannunka a lambun da ba a feshi

Ka je da sassafe kafin rana ta yi zafi, musamman a watan Afrilu da mangwaro ke kankama. Fara gaida mai lambu, ku gama cinikin kwando tukuna.

A gindin bishiya, duba wanda kafaɗarsa, wato gefen tsinkensa, ta cika ta taso, shi ne ya ƙosa. Don Allah kada ka jefe shi da dutse, wanda ya bugi ƙasa saurin ruɓewa yake. Sa gora mai ƙugiya, ka ciro shi da guntun tsinkensa, domin ruwan da ke tsatsowa yana ƙona fata.

Tunda ba a fesa magani, juya kowanne ka duba. Baƙin ɗigo mai laushi alamar tsutsa ce, bar shi.

Shimfiɗa ganye a kwando, ka jera su, ka ajiye a inuwa.