Yadda ake neman tallafin ɗumama gida da gyaransa don tsare sanyi a Amurka

Duk wanda ya taɓa yin hunturu a jihohin arewacin Amurka ya san cewa kuɗin gas da wutar lantarki na watan Janairu kan cinye abin da iyali suka ware wa abinci da magani. Gwamnatin tarayya tana da shirye-shirye biyu domin masu ƙaramin ƙarfi, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda iyalai da dama da suka cancanta ba sa nema, ko kuma su nemi ɗaya su bar ɗayan, wanda amfaninsa ya fi daɗewa.

Na farko shi ne LIHEAP, wanda aka kafa a 1981 a ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya da Ayyukan Jama'a, kuma aikinsa taimakawa wajen biyan kuɗin makamashi. Na biyu shi ne WAP, wanda ya fara a 1976 a ƙarƙashin Ma'aikatar Makamashi, kuma aikinsa gyara gida kyauta domin ɗumi ya daina zurarewa waje. Majalisar dokoki ce ke ware kuɗin duk shekara, a raba wa jihohi da yankuna da ƙabilun asali, su kuma jihohi su miƙa aikin ga ofisoshin jin daɗin jama'a ko ƙungiyoyin raya al'umma na yankunansu. A 'yan shekarun nan kason LIHEAP ya kai wajen dala biliyan 4 a shekara, sannan dokar gina ababen more rayuwa ta 2021 ta ƙara wa WAP dala biliyan 3.5. Doka ta kuma yarda jiha ta juya kashi 15 cikin 100 na kuɗin LIHEAP zuwa gyaran gidaje, ko har kashi 25 idan ta sami izini na musamman.

Sanin wannan tsari yana da amfani ga mai nema saboda dalili guda. Kuɗin ƙayyadadde ne, kuma cancanta ba ta tabbatar wa kowa samu. Idan kason jiha ya ƙare, sai a rufe rajista ko da akwai sauran mabukata a layi. Shekarar kasafin gwamnatin tarayya tana farawa ranar 1 ga Oktoba, shi ya sa jihohi da yawa ke buɗe rajista tsakanin Oktoba da Nuwamba. Saboda haka matakin farko shi ne ku gano ranar buɗewa a jiharku tun kafin sanyi ya kankama, ta hanyar kiran 211, lambar wayar neman bayani kan ayyukan tallafin jama'a, ko duba shafin intanet na jihar. Sunan shirin yakan bambanta, domin a New York ana kiransa HEAP, wasu jihohin kuma suna da nasu sunan.

Sai ku auna kuɗin shigar gidanku da ma'aunin jiha. A LIHEAP, dokar tarayya ta sa iyaka mafi girma a kashi 150 cikin 100 na ma'aunin talauci, ko kashi 60 cikin 100 na matsakaicin kuɗin shiga a jihar, duk wanda ya fi yawa, kuma jiha tana iya zaɓar iyakar da ta gaza haka muddin ba ta sauka ƙasa da kashi 110 na ma'aunin talauci ba. A WAP iyakar ta kai kashi 200 na ma'aunin talauci. Alal misali, a 2024 ma'aunin talauci ga iyali mai mutum 4 a yawancin jihohi dala 31,200 ne a shekara, wato kashi 150 ya kama dala 46,800, kashi 200 kuma dala 62,400. Wannan na nufin mai aikin cikakken lokaci ma yana iya cancanta, kada ya cire kansa da kansa. Ana ba da fifiko ga gidajen da ke da tsofaffi, masu naƙasa ko ƙananan yara, da waɗanda makamashi ke cin babban kaso na abin da suke samu. Masu katin zama na dindindin da 'yan gudun hijirar da aka karɓa bisa doka suna cikin waɗanda ke iya nema.

Ku tattara takardu kafin ku je ofis ko ku cike fom a intanet, domin rashin takarda ɗaya yakan jinkirta komai da makonni. Yawanci ana neman katin shaida, takardun albashi na kwanan nan na duk wanda ke aiki a gidan, takardar kuɗin gas da ta wuta mafi sabunta, yarjejeniyar haya ko shaidar mallakar gida, da lambobin soshal sikyuriti (lambar shaida da gwamnatin tarayya ke bayarwa) na mutanen gidan. Ku ajiye kwafin komai, ku kuma rubuta ranar da kuka miƙa. Idan an amince, galibi ba a hannunku za a sa kuɗin ba, kai tsaye ake tura su ga kamfanin gas ko na wuta ko mai kawo man ɗumama, sai ku ga an rage muku bashi. Wanda kuɗin ɗumama ke cikin kuɗin hayarsa shi ma ya tambaya, domin jihohi da dama suna da tanadi dominsa.

Idan takardar gargaɗin yanke wuta ta riga ta iso, ko man ɗumama da ke tanki ya kusa ƙarewa, ku faɗi haka ƙarara tun a jimlar farko, ku nemi tallafin gaggawa. Doka ta wajabta a ɗauki matakin warware matsalar cikin awa 48 ga gidan da ya cancanta, ko cikin awa 18 idan rai na cikin haɗari. A rana guda ku kira kamfanin ku nemi tsarin biya kaɗan-kaɗan. Jihohi da dama suna da dokar da ke taƙaita yanke wuta a lokacin sanyi. A Minnesota tana aiki daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu, amma sai an yi yarjejeniyar biya kuma an cika ta.

A zaman da kuka nemi LIHEAP, ku nemi a sa sunanku a layin WAP, ko da an ce jiran zai kai watanni ko fiye. A ganina wannan ne rabin da ya fi muhimmanci, domin tallafin biyan kuɗi na hunturu ɗaya ne, gidan da aka toshe kafofinsa kuwa zai riƙa rage kuɗi shekara bayan shekara. Idan layi ya zo kanku, ƙwararre zai fara binciken gidan. Zai kafa babbar fanka a bakin ƙofa ta zuƙe iskar ciki, domin a gano ta inda sanyi ke kutsowa, sannan ya gwada na'urar ɗumama gida da ta ruwan zafi don tabbatar da ba sa fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari amma tana kisa. Daga nan ma'aikata za su shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi da cikin bango, su liƙe tsagogin tagogi da ƙofofi, su gyara na'urar ɗumama ko su sauya ta. Ba kowane aiki ake yi ba, sai wanda lissafi ya nuna zai mayar da kuɗinsa ta hanyar rage makamashi, shi ya sa ba kasafai ake sauya tagogi ba duk da cewa su mutane suka fi roƙo. Mai haya yana buƙatar izinin mai gida a rubuce. Idan rufi na yoyo ko bango ya yi funfuna, ana iya ɗage aikin har sai an gyara, kuma a nan ya kamata ku tambayi ofishin ko akwai wani asusu na jiha da ke ɗaukar irin wannan gyara.

Idan an ƙi buƙatarku ta LIHEAP, ko an yi shiru fiye da kima, kuna da haƙƙin neman a saurare ku a sake duba hukuncin, kuma takardar ƙin takan bayyana wa'adin yin hakan.

Yayin jira, ina roƙonku kada ku ɗumama ɗaki da murhun girki na gas ko gawayi. Hita mai aiki da lantarki kuma a jona ta kai tsaye a bango, a nisanta ta da labule da katifa da aƙalla ƙafa 3, a kashe ta kafin barci. Gobarar da ta kashe mutum 17 a wani dogon bene a unguwar Bronx ta birnin New York ranar 9 ga Janairun 2022, yawancinsu 'yan asalin Afirka ta Yamma, daga irin wannan hita ta tashi.