Yadda ake koyon kamala

Kalmar kamala daga Larabci ta zo, kamal, wato cika, shi ya sa in an ce wane kamili ne ana nufin ya cika mutum, zamansa da maganarsa da tafiyarsa duk ba inda za ka ce da ma ya gyara. Mutane na yawan haɗa ta da ladabi amma ba ɗaya ba ne. Ladabi ma daga Larabcin yake, al-adab, wannan l ɗin na farko ragowar al ne kamar na littafi da lokaci. Ladabi shi ne ka san abin da ya dace ka yi shi. Kamala kuwa sai ka yi shi har ya zame maka jiki, ba a ganin kana ƙoƙari.

To ta ina za ka fara? Ta baki. Rage murya, rage sauri, in mutum na magana bar shi ya kai aya ko da ka riga ka san inda zai dosa. Wallahi wannan kaɗai ya fi sabon ɗinki aiki. Kuma ka kife wayarka in ana yi maka magana, ba kana cewa "eh ina jinka" ido na kan WhatsApp ba.

Sai wurin da aka fi faɗuwa, lokacin da wani ya yi kuskure a gaban jama'a, ya faɗi kalma ba daidai ba ko ya zubar da abu ko ya manta sunanka. Mai ladabi zai danne dariya, shi kuwa kamili yi zai yi kamar bai ma gani ba ya kawo wata hira, in gyaran dole ne ya jira sai sun keɓe. Ni a nan nake gane mutum, da kuma yadda yake yi wa direba ko mai shara magana in ba wanda ke kallo.

Tufafi dai a wanke a goge, turare kaɗan, shi ke nan.

Abu ɗaya, kar ka wuce gona da iri. In ka fara maƙale murya kana taku ɗaiɗai don a gani, sunan wannan iyayi, kuma mutane na gane shi tun daga nesa. Ɗauki abu guda, misali daina katse mutane, riƙe shi sati biyu kafin ka ƙara wani.