Yadda Ake Gane Nauyin Ruwan Famfo da Ingancinsa a Gidajen Accra

Mataki na farko ga duk wanda yake shakkar ruwan gidansa shi ne ya san inda ruwan yake fitowa. Kamfanin ruwa na Ghana yana shayar da Accra ne daga manyan matatu biyu: ta Weija da ke kan kogin Densu, wadda take ba yammacin birni, da ta Kpong da ke kan kogin Volta, wadda take ba gabashinsa da Tema. Ruwan kogi irin wannan ba ya cika nauyi, domin bai daɗe yana ratsa duwatsun ƙarƙashin ƙasa ba. Sai dai a gidajen haya da yawa na Nima da Maamobi da Madina, abin da ke zubowa daga famfo ba na kamfani ba ne zalla, tunda tankin da ke kan rufi yakan karɓi ruwan kamfani yau, gobe na rijiyar burtsatse, jibi kuma na motar tanka. Saboda haka ka tambayi mai gida ko mai kula da tankin kafin ka yanke hukunci.

Nauyin ruwa yana zuwa ne daga sinadaran kalsiyam da magnisiyam da suka narke a cikinsa, kuma ana auna shi da miligram a kowace lita. Ƙasa da 60 ruwa ne mara nauyi, daga 61 zuwa 120 matsakaici, daga 121 zuwa 180 mai nauyi, abin da ya haura 180 kuwa nauyinsa ya yi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ɗauke shi a matsayin haɗari ga mai sha ba. Ɓarnarsa tana kan sabulu da tufafi da kayan dafa ruwa.

Gwada shi a gida ba ya buƙatar kuɗi. Ka samo goran roba biyu masu tsabta, ka zuba ruwan famfo a ɗaya har ya kai kashi ɗaya cikin uku, ka zuba ruwan sama daidai wannan a ɗayan. Ka jiƙa ɗan sabulun salo, ka ɗiga adadi ɗaya a kowane gora, ka rufe, ka girgiza sosai. Ruwan sama zai tashi da kumfa mai kauri wanda zai daɗe bai kwanta ba. Idan na famfo ya yi kusa da haka, ba shi da nauyi. Idan kuwa ya koma fari fat, kumfarsa ta mutu nan take, wasu ƙananan gudaji suna yawo a samansa, to nauyi ne. Kada a yi gwajin da garin wanki irin su Omo, domin an haɗa shi ne yadda zai yi kumfa a kowane irin ruwa. Ka kuma leƙa cikin butar shayi: farin ɓawo mai ƙarfi da ke manne a gindinta, wanda sai an kankare shi da cokali, shaida ce ta biyu. Ruwan lemun tsami yana narkar da shi idan aka tafasa a ciki aka bar shi ya kwana.

Zartsi dabam yake da nauyi, ko da yake sukan zo tare. Rijiyoyin burtsatse da yawa a Accra, musamman na kusa da teku, suna ba da ruwa mai gishiri, kuma tafasawa ba ta rage gishiri, sai ma ta ƙara masa ƙarfi. Ƙaramar na'urar TDS da ake tsomawa a kofi tana nuna yawan abin da ya narke a ruwan: ƙasa da miligram 600 a kowace lita yana da daɗin sha, sama da 1,000 kuwa baki ma yana ƙin sa. Amma na'urar ba ta ganin ƙwayoyin cuta, don haka kada lambarta ta ruɗi kowa, ko da mai sayar da na'urar tace ruwa ya rantse da ita.

A ganina, abin da ya fi cancantar damuwa shi ne abin da ke samun ruwa tsakanin babban bututu da bakin mai sha. A unguwannin da ake ba da ruwa bi da bi, bututu yakan zauna fanko na kwanaki, kuma idan babu ƙarfin ruwa a cikinsa, duk wata tsaga tana iya zuƙo ƙazantar da ke kewaye da shi. Wanda ya bi lungunan zango ya ga siraran bututun roba kwance cikin kwata, wasu an ɗaure mahaɗarsu da tsumman roba, ya san abin da ake nufi, kuma annobar kwalara ta 2014 ta nuna wa Accra sakamakon haɗuwar ruwan sha da na kwata. Don haka ka bi bututun gidanka da ido tun daga mita, ka sa mai gyaran famfo ya ɗage shi daga kwata, ya sauya inda ya tsage. Idan ruwa ya dawo, ka rufe hanyar tanki, ka bar na farko ya zuba a bokiti har launinsa ya washe, a yi wankin tsakar gida da shi.

Kofin gilashi yana taimakawa wajen karanta launi. Ruwan da ya fito fari, sannan ya fara washewa daga ƙasa zuwa sama cikin minti ɗaya ko biyu, iska ce kawai a cikinsa. Ja-ja yana nuna tsatsar tsohon bututu ko ƙarfen da ke cikin ruwan rijiya, laka kuwa tana kwanciya a gindin kofi. Ɗan warin kulorin ba aibi ba ne, alama ce cewa maganin da aka zuba a matatar ruwa bai ƙare a hanya ba.

Tanki yana buƙatar wanki duk wata shida: a zubar da ruwansa, a goge santsin ciki da buroshi, a ɗauraye da ruwan kulorin, a tabbatar murfinsa yana rufuwa ruf. Galan ɗin Kufuor, wato jarkar roba mai ruwan ɗorawa da ake ɗibar ruwa da ita, ma haka, domin ƙaramin bakinsa yana ɓoye dattin da ke ciki. Ruwan sha kuwa, a tace shi da farin ƙyalle, a tafasa shi har ya yi minti guda yana ɓararraka, ko a jefa masa ƙwayar kulorin ta Aquatabs bisa ƙa'idar da ke jikin takardarta, a jira minti 30.

Gidan da ya dogara da rijiyar burtsatse ya kamata ya kai samfurin ruwansa ɗakin gwaji sau ɗaya a shekara, kamar na Cibiyar Binciken Ruwa ta CSIR, hukumar binciken kimiyya ta Ghana, da ke Accra, inda za a nemi a auna nauyi da gishiri da ƙarfe da ƙwayar E. coli, wadda ke nuna bayan gida ya gurɓata ruwa. A fara zuwa a karɓi kwalbarsu, a cika ta yadda suka tsara, a mayar musu da ita cikin sanyi a ranar da aka ɗebi ruwan.