Bayan An Sako Shi: Kurakuran Da Ke Goge Shaidar Azabtarwa

A Agege da ke Legas nake zaune, kuma da yake ina jin Turanci da ɗan Yarabanci, akan kira ni tafinta idan za a kai wani namu asibiti ko wurin lauya. Da yawa daga cikin waɗanda na raka 'yan acaba ne, 'yan dako da masu gadi da suka kwana a hannu suka fito jiki ya gaya musu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, sau tari mu da kanmu muke goge shaidar abin da aka yi musu, saboda tausayi da gaggawar jinya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne fara gashi kafin hoto. Mutum na shigowa gida sai a ɗora ruwan zafi, a shafa man zafi, gobe a kira wanzami ya yi ƙaho ya zuƙe mataccen jini. Bayan kwana uku likita zai ga tsagar aska a kan shatar kulki, ya rasa wanne ne wanne. Jinya ba laifi ba ce, amma a ba hoto minti goma tukuna. A ɗauka cikin hasken rana, domin kwanciyar jini ba ta fitowa sosai a baƙar fata ƙarƙashin ƙwan lantarki. Hoto ɗaya daga nesa wanda ya nuna fuska da jiki, sannan na kusa, da rula ko wani abu da aka san girmansa a gefen ciwon. Idan sanda ko wayar wuta aka yi amfani da ita, sau da yawa za a ga layi biyu a jere da fili a tsakaninsu, wannan shata tana da nauyi a wurin likita. A sake ɗauka bayan kwana biyu, don wani kumburin sai daga baya yake bayyana. Kada a goge na asali daga wayar, kuma in za a tura ta WhatsApp a tura a matsayin fayil, domin turawa ta yau da kullum tana rage ingancin hoto ta kuma cire bayanan ranar da aka ɗauka. Rigar da ta yi jini ma kada a wanke, a shanya ta bushe a ajiye cikin takarda, leda tana sa ta ruɓe.

Sai tsayawa a kemis. Mai kemis zai ba da maganin ciwon jiki, amma ba zai buɗe kati ba, kuma takardar da ke da sunan asibiti da kwanan wata ita ce kotu ke dubawa. Akwai kuma haɗarin da ya wuce maganar shari'a: wanda aka yi wa duka mai tsanani, idan fitsarinsa ya koma duhu kamar ruwan shayi ko ya ragu, naman jikinsa ne da ya daku yake zuba cikin jini, kuma yana iya kashe ƙoda. Wannan a kai shi asibiti a daren, asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja ko na LUTH a Idi-Araba ko babban asibitin da ya fi kusa. A gaban likita kuma a daina cewa "faɗuwa ya yi a babur" don gudun tambaya. Abin da aka faɗa ranar farko shi ke zama a kati har abada.

Na sha jin dattawa suna duba yaro su ce, "To ai babu tabo, ka gode wa Allah." Rashin tabo ba ya nufin ba a yi ba. Masu azabtarwa sun san inda ba ya nunawa. Dukan tafin ƙafa yakan bar mutum da ciwon da ke tashi idan ya yi tafiya, shekaru bayan kumburin ya sace. Wanda aka ɗaure hannuwansa ta baya aka rataye, jijiyoyin kafaɗarsa ke lalacewa, sai ka ga ɗan dako a kasuwar Mile 12 ya kasa ɗaga kwandon tumatir. Ankwa da aka matse tana barin babban yatsa a sanƙare. Marin kunnuwa biyu a lokaci ɗaya yana fasa dodon kunne, kuma ƙaramar ɓula tana rufewa cikin 'yan makonni, don haka a duba da wuri. Kundin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shi kan aikin tattara shaidar azabtarwa, wanda aka sani da Ƙa'idar Istanbul, ya fito a 1999 aka sabunta shi a 2022, kuma ya faɗa ƙarara cewa rashin alama a jiki ba hujja ba ce ta cewa ba a azabtar da mutum ba.

Akwai kuskuren da ke zuwa ta ɗaya gefen, wato ɗora kowane tabo a kan waɗanda suka kama shi. Wani yaro da na raka yana da ƙunar salansa a ƙwauri, yayansa ya ce masa, "Ka ce su ne." Na ce, "Yaya, don Allah kada ya faɗa. Likita ya san tsohuwar ƙuna." Yaron ya nuna tabon salansar da na sakiyar da aka yi masa yana ƙarami ya ce waɗannan tun da can yana da su, sannan ya nuna wuyan hannunsa. Wannan gaskiyar ce ta sa aka yarda da sauran. Likita ba alƙali ba ne, aikinsa ya rubuta yadda ciwo ya dace da labarin da aka ba shi: bai dace ba, ya dace, ya dace ƙwarai, ko kuwa babu abin da zai iya jawo shi sai abin da aka faɗa.

Inda muka fi rauni shi ne ciwon da ke cikin zuciya. Mutum ya dawo ba ya barci, yana firgita cikin dare da ihu, jiniya na wucewa ya jiƙe da gumi, ya daina bin hanyar da aka kama shi, ya zama mai saurin fushi da matarsa da 'ya'yansa. Sai a ce iska ce ta shafe shi, ko a ce ya zama rago. Addu'a da ruƙiyya babu mai hana su, ni ma ina yi. Amma wannan ciwo ne da likitoci suka sani, yana da magani, kuma shi ma shaida ne idan an rubuta. Mutanenmu suna jin an ce asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba sai su ja da baya, wai za a ce ɗansu ya haukace. Wanda ba ya barci wata uku ya fi buƙatar likitan nan fiye da yadda yake buƙatar rufin asirinmu. Wani a gida ya riƙa rubuta abin da yake gani da kwanan wata, ko da ajami ne.

Kada kuma a zaunar da shi a zaure cike da jama'a a ce ya ba da labari. Abin da ya shafi tsiraici, namiji ba zai faɗa a gaban kawunsa ba, mace ba za ta faɗa da tafinta namiji ba. A bar shi da mutum ɗaya da ya yarda da shi, a yi tambaya a buɗe, "me ya faru bayan nan?", kada a sa masa magana a baki. Idan ya rikita ranaku, yau ya ce kwana huɗu gobe ya ce biyar, kada a ce ƙarya yake. Wanda aka rufe wa ido, aka hana barci, aka buga masa kai, lissafi yakan kuɓuce masa. A taimaka masa da abin da zai iya kamawa: kafin Juma'a ne ko bayanta, ya ji kiran sallar asuba sau nawa. Wanda aka yi wa fyaɗe kuwa, maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72.

Daga ƙarshe akan ce a bar wa Allah, baƙo ba ya ja da hukuma a garin mutane. Shawarar kai ƙara ta mai ciwon ce, kada a tilasta masa. Sai dai ya san cewa sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya haramta azabtarwa, kuma dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25, ta lissafa barazana ga iyali da hana barci cikin azaba, ta kuma ba wanda aka tsare damar neman likitan da ya zaɓa ya duba shi. Ofishin lauyoyin gwamnatin Legas masu kare marasa ƙarfi da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa suna karɓar koke ba tare da kuɗi ba. Ko bai shirya zuwa yanzu ba, a yi kwafi biyu na katin asibiti, rasit da hotuna, ɗaya a ajiye a Legas, ɗaya a aika gida wurin wanda aka amince da shi.