Yadda na tsabtace shafina na Google Scholar

Laifina ne tun farko. Ranar da na buɗe shafin a Google Scholar, dandalin Google na neman maƙalun ilimi inda mai bincike ke jera maƙalunsa, sauri nake yi, sai na zaɓi a riƙa ƙara mini maƙalu kai tsaye ba tare da an tambaye ni ba. Bayan wata biyu na leƙa, na tarar da maƙalu tara kan ilimin sinadarai, ni kuwa tarihi nake koyarwa. Ashe na wani takwarana ne. Adadin ambato, wato sau nawa wasu suka ambaci maƙalun da ke shafina a rubutunsu, ya yi sama, har na ɗan ji daɗi, amma zanen aro ba ya rufe katara.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya na goge, na sauya saitin ya koma sai an turo mini imel na amince. Wata maƙalata kuma ta fito sau biyu, saboda an rubuta takenta iri biyu. Na yi musu alama na haɗe su, ambatonsu ya taru wuri guda.

Shafin bai fara fitowa a bincike ba sai da na buɗe shi ga kowa, na kuma tabbatar da imel ɗina na jami'a. Daga nan na yi rajistar ORCID, shaida mai lambobi 16 da ke bambanta mai bincike da masu irin sunansa, wadda yanzu nake sawa a duk maƙalar da zan tura.