Yadda Ake Yin Biskit da Yara don Bikin Aji

A haɗa fulawa giram 250, bota giram 125, sukari giram 100 da ƙwai guda, a bar yara su murza bayan sun wanke hannu. Zafin Yamai yana saurin narkar da bota, saboda haka wajibi ne kwaɓin ya yi minti 30 a firij kafin a shimfiɗa shi, yara su yanka da bakin kofin shayi. Babba kaɗai zai gasa, minti 12 a zafin digiri 180. Idan ya huce, a dama garin sukari da ruwan zoɓo kaɗan, wanda na fi so a kan kalar kanti, kowane yaro ya zana harafin farko na sunansa. Kafin a barbaɗa gyaɗa, a tambayi malamar aji ko akwai yaron da jikinsa ba ya karɓarta.