Kurakuran da ke lalata NFS da iSCSI idan ma'ajiya ta daɗe a katse

Na gaji da ganin sababbin shiga suna rubuta zaɓin soft a layin NFS (hanyar amfani da fayilolin wata sabar ta kan hanyar sadarwa) na fstab, fayil ɗin da ke gaya wa Linux ma'ajiyoyin da za ta haɗa lokacin tashi, wai don kada kwamfuta ta daskare idan sabar ta ɓace. Don Allah ku daina. Da soft, da zarar adadin gwajin da timeo (tsawon jira) da retrans (yawan maimaita gwaji) suka ƙayyade ya ƙare, kenel, wato zuciyar Linux, zai haƙura ya mayar wa manhaja da kuskuren EIO, alamar karatu ko rubutu ya gaza. Manhajoji nawa ne ke tsayawa su duba ko rubutunsu ya shiga? Wannan ganganci ya taɓa cinye mini rumbun bayanai sukutum. Wani ya sa soft, layi ya katse cikin dare, da safe a ido komai lami lafiya, ashe fayil ya yage daga tsakiya, har kwafin ajiyar da aka ɗauka daga baya ya kwashi ɓarnar. Shi kuwa zaɓin hard, kishiyar soft, jira yake komai daɗewa, sabar na dawowa ya ɗora daga inda ya tsaya. Daskarewar da kuke gudu ita ke tsare muku bayanai. Ni sai inda karatu kawai ake yi nake yarda da soft. Masu liƙa intr kuma, zaɓin da a da yake ba da damar katse jiran, tun kenel 2.6.25 Linux ta daina kula shi.

A iSCSI, hanyar haɗa faifan da ke nesa kamar yana cikin kwamfutar, abin ya fi ban haushi. Replacement_timeout, wato tsawon jiran haɗi ya dawo, daƙiƙa 120 ne kacal idan ba a taɓa shi ba. Suna cika sai a watso da rubuce-rubucen da ke jira, ext4, tsarin fayilolin da ke kan faifan, ta iya kulle kanta ta koma karatu kawai, kuma ko ma'ajiya ta dawo ba za ta buɗe da kanta ba. Ɗabi'ata ita ce in ɗora multipath, manhajar da ke kula da hanyoyin zuwa ma'ajiya, ko da hanya ɗaya ce tal, in sa no_path_retry queue don ya riƙe rubutu har hanya ta dawo, sannan in rage replacement_timeout. Kuma wa ya gaya muku gyara iscsid.conf, fayil ɗin saitin iSCSI, ya wadatar? Haɗin da aka riga aka gano yana nan da tsohon saitinsa sai kun sabunta shi da umarnin iscsiadm.

Kada a manta _netdev (a jira hanyar sadarwa tukuna) da nofail (a tashi ko da ma'ajiyar ba ta nan) a fstab, in ba haka ba kwamfuta na iya maƙalewa tun wajen tashi. Faifan da ke cikin kwamfutar VM, wato kwamfutar kwaikwayo da ke aiki a cikin wata, daƙiƙa 30 yake jira, a ƙara masa. A NFSv4, zubi na huɗu na NFS, kuma wa'adin riƙe makullin da manhaja ke sa wa fayil a sabar Linux daƙiƙa 90 ne. Bayan doguwar katsewa makullin na iya suɓucewa, don haka nakan sake tayar da manhajar kafin in bar ta ta ci gaba da rubutu.